Ƙofar Da Muke Kwana A Kanta

Ƙofa muka fara saya.
Mozammel ya ce, Shefali, wannan ai wauta ce,
wa ke sayen murfi babu tukunya?
Na ce tukunyar tana tafe.
Ya ɗaure ta a bayan kekensa na haya
tun daga kasuwar katako ta Tongi,
mutane na kaucewa suna dariya.
Ɗakinmu ba shi da bangon da za a jingina ta,
sai muka ɗora ta a kan bulo huɗu
muka shimfiɗa tabarma.
Shekara shida ke nan
muna kwana a kan ƙofar gidanmu.

A hawa na biyar nake ɗinki, layi na sha ɗaya.
Wuyan riga kaɗai nake yi.
Rigunan sukan tafi ƙasashen ƙanƙara,
ni kuwa ina nan, ƙafa a kan keke, ina lissafi:
wuya dubu bakwai, fallen kwano ɗaya.
Azumin bara na sayi rufin ɗakin girki.
Yana cikin gwangwanin biskit,
an naɗe shi da roba.

Filin yana can kudu, gaba da Barisal,
kwana guda a jirgin ruwa.
Babana ya auna shi da ƙafarsa,
taku arba'in zuwa bakin kogi,
talatin zuwa tafkin da na koyi iyo.
Sai an tara ƙasa ta kai ƙirjin namiji
kafin a kafa ginshiƙi ko ɗaya,
don in ambaliya ta zo
ta gaishe mu daga nesa ta wuce.

Na zana shi da allin tela
a bayan takardar yankan yadi.
Ga taga tana kallon gonar shinkafa.
Ga rumfa, inda Mozammel zai miƙe gwiwoyinsa
da titunan Gazipur suka cinye.
Kabewa za ta hau rufi ba tare da neman izini ba.
Agwagi shida. A'a, takwas.
Ba mai gida da zai ƙwanƙwasa ran biyar ga wata,
ba layin famfo,
ba tarin maƙwabci a cikin kunnena.

Ran Talata yayana Belayet ya kira.
Ya tambayi lafiyar kowa, ya sake tambaya,
na san akwai magana.
Ya ce kogi ya ci taku tara a daminar bana,
ya haɗa da bishiyar kwakwa biyu.
Ban yi kuka ba, injin ba ya jira.
Da dare na tofa yawu a yatsa,
na goge gidan,
na ja shi baya.
Rumfar ta rage rabi.
Gwiwa ɗaya zai riƙa miƙewa, na ce, su yi karɓa-karɓa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tuli kuma, 'yar shekara sha uku,
ta ce ita a nan aka haife ta,
ƙauye ban da sauro da duhu me ke ciki?
Na yi shiru.
Ɗakinta dai yana nan a takarda,
ban goge ba.

In an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
su biyun sun yi barci,
nakan zura hannu ƙarƙashin tabarma
in lalubo inda kafinta ya huda gurbin kwaɗo.
In sa yatsa.
In tura a hankali.
Wani daren ba ta motsi.
Wani daren takan buɗe,
in ji ƙamshin taɓo da hayaƙin kara,
in ji ruwan sama na kiɗa a kwanon da ban gama saya ba,
in tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ba takalmi,
har sai wata ta ajiye bokiti a tsakar gida
ta ce famfo ya kawo.